Yadda Ake Raba Jiki da Jarabar Zaƙi Ba Tare da Azabtar da Kai Ba

Akwai mutanen da sukari ke yi wa abin da ba ya yi wa sauran jama'a. Mutum biyu za su sha lemon kwalba iri ɗaya, ɗaya ya ci gaba da harkarsa, ɗayan kuma bayan awa biyu ko uku kasala ta rufe shi, hannu na rawa, gaba na faɗuwa, magana kaɗan ya hasala, kuma babu abin da ransa ke so sai wani zaƙin. In ya samu ya ji daidai na ɗan lokaci, daga nan a koma gidan jiya. Mai wannan hali yakan zargi kansa da kwaɗayi da raunin zuciya, ya yi rantsuwa ranar Litinin cewa ya daina, ranar Laraba da daddare a same shi da kwalin biskit a hannu.

A ganina rantsuwar ce kuskuren. Wanda ya fara da hana kansa yana yaƙi ne da yunwa, ita kuwa yunwa ba a ka da ita da alƙawari. Tsarin da ke ƙasa ya ɗora ne a kan a fara ciyar da jiki yadda ya kamata, a koyi abin da ke faruwa a cikinsa, a samu mutanen da za su riƙe ka, sannan a janye sukarin a hankali.

Ga abin da ke faruwa a taƙaice. Sukari da farin sitaci suna narkewa da sauri su shiga jini a matsayin gulukos, wato sukarin jini. Wata gaɓa da ke bayan tumbi, wadda likitoci ke kira fankiriyas, sai ta saki sinadarin insulin domin ya kwashe gulukos ɗin ya kai wa tsoka da hanta da kitse. In hawan ya yi tsini, saukar ma takan zo da ƙarfi, kuma jiki yakan amsa wannan saukar da sakin adirenalin, shi ne mai kawo rawar hannu da gumi da bugun zuciya. Wutar kara ke nan: ta tashi fuu, ta mutu, ka koma neman wani karan.

Mataki na farko: a fara da gwajin jini

Wannan yanayi ba cuta ɗaya ba ce mai suna a littafin likitoci. Abubuwa dabam-dabam ne ke iya ɓoyewa a ƙarƙashinsa, shi ya sa ba a tsallake asibiti. Ka nemi gwajin sukarin jini na safe kafin a ci komai. Ƙasa da 100 mg/dL lafiya lau ne. Daga 100 zuwa 125, bisa ma'aunin ƙungiyar masana ciwon suga ta Amurka, mutum yana bakin ƙofar ciwon. Daga 126 zuwa sama, in an maimaita aka sake samun haka, ciwon suga ne. In na'urar da aka yi amfani da ita tana ba da sakamako da mmol/L, raba waɗancan lambobi da 18: 126 zai zama 7.0. Akwai kuma gwajin HbA1c, mai nuna matsakaicin sukarin jini na wata biyu zuwa uku da suka wuce, daga kashi 5.7 zuwa 6.4 cikin 100 gargaɗi ne, 6.5 zuwa sama ciwo ne. Mai sikila ko mai ƙarancin jini ya gaya wa likita, domin wannan gwajin yana iya ba da sakamakon da ba daidai ba a jikinsu.

Ka kuma kwatanta wa likita alamun da lokacin da suke zuwa. Saukar sukari bayan cin abinci takan faru ne cikin awa huɗu da cin, kuma ana tabbatar da ita ne in an auna jini a daidai lokacin da alamun suka zo aka ga ya yi ƙasa, galibi ƙasa da 70, sannan alamun suka tafi bayan an ci wani abu. Mutane da yawa in aka auna su a wannan lokaci sai a ga sukarinsu bai sauka har can ba, duk da haka gyaran abinci yana yi musu amfani. In kuwa abin da zaƙi ke jawo maka kumburin ciki ne da iska da gudawa, wannan maganar hanji ce da rashin iya narkar da wani nau'in sukari, hanyar bincikenta dabam.

Mutum huɗu kada su taɓa tsarin abincinsu sai da likita a gefe: mai allurar insulin ko ƙwayoyin ciwon suga irin su gilibenkilamaid, domin rage sitaci ba tare da gyara magani ba yana iya sumar da shi, mai juna biyu, mai ciwon ƙoda, saboda batun furotin da zai zo a gaba, da wanda ya taɓa fama da larurar ƙin cin abinci ko cin da ya wuce kima a ɓoye sannan a amayar.

Mataki na biyu: sati guda kana kallo kawai

Kada ka canza komai. Samu ƙaramin littafi, ko ka buɗe shafi a waya, ka riƙa rubuta abu huɗu: ƙarfe nawa, me ka ci ko ka sha, yaya jikinka yake bayan awa biyu, yaya ranka yake. Shayin da aka sa wa cokali uku ya shiga, alewar da aka miƙo maka a wurin aiki ta shiga. Ba hisabi ake yi ba, don haka babu «na yi laifi» a ciki.

Ranar bakwai ka zauna da biro ka zagaye duk wurin da marmarin zaƙi ya taso, ka duba abin da ya gabace shi. Mafi yawan lokaci ɗaya daga cikin huɗu ne: an daɗe ba a ci abinci ba, an ci sitaci zalla, ba a yi barci isasshe ba, ko rai ya ɓaci. Sanin naka daga cikin waɗannan ya fi maka duk wata shawarar da za ka ji a bakin wani.

Mataki na uku: ƙari kafin ragi

Nan ne ginshiƙin aikin, kuma nan ne masu gaggawa ke tsallakewa.

A Jami'ar Princeton ta Amurka an yi gwaje-gwajen da ake yawan kafa hujja da su cewa sukari yana kama mutum kamar ƙwaya. Ɓeraye ne aka gani suna wawurar ruwan sukari, suna nuna alamun ƙunci in an janye shi. Abin da masu ba da labarin kan manta shi ne yadda aka tsara gwajin: ana hana ɓerayen abinci awa 12 a kullum, sannan a kawo musu sukarin. Waɗanda aka bar wa abinci da sukari a gabansu kowane lokaci ba su nuna wannan hali ba. Masana har yau suna jayayya a kan ko ya dace a kira abin da ke samun ɗan Adam jaraba irin ta ƙwaya, amma darasin da ya shafe mu a fili yake. Hani mai tsawo sannan zaƙi, shi ke haifar da wawura. Wanda ya fita da safe da ruwan shayi kawai a cikinsa, ya kai azahar bai ci komai ba, ya shirya wa kansa gwajin ɓerayen nan da hannunsa.

Don haka ka fara da karin kumallo, cikin awa ɗaya ko biyu da tashi, kuma ya kasance akwai furotin a ciki. Furotin yana daɗewa a ciki, yana rage saurin shigar gulukos jini, yana kuma kashe yunwa fiye da sitaci. Abin da ake nema wajen giram 20 zuwa 30 ne a kowane babban ci. Ƙwai ɗaya yana da kimanin giram 6, kofi ɗaya na dafaffen wake kimanin 15, yankan kifi ko nama mai girman tafin hannunka kuma yakan kai 20 ko ya ɗan wuce. Madara da yogot marar sukari da gyaɗa duk suna ƙarawa. Ba sai ka sayi sikeli ba. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima.

Ka riƙe karin kumallon nan shi kaɗai har sati biyu, sai ya zama ba ka tunani kafin ka yi shi. Sannan ka gyara na rana da na dare, a lokutan da ba sa sauyawa sosai, kada tazarar ta wuce awa huɗu zuwa biyar. Wanda rawar jiki ke kamawa kafin lokacin ya kai, ya ajiye ɗan abin taɓawa kusa: gyaɗa cikin tafin hannu, dafaffen ƙwai, ko 'ya'yan itace tare da yogot.

Faranti kuwa a raba shi da ido: rabi ganye da kayan lambu, kashi ɗaya cikin huɗu furotin, sauran kashi ɗayan sitaci. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba babba shawarar cin aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itace a rana, da giram 25 na faiba, wato zaren nan na ganye da wake da ɓawon hatsi wanda hanji ba ya narkarwa. Wanda bai saba ba ya ƙara shi sannu-sannu tare da shan ruwa, in ba haka ba ciki zai yi ta ƙugi da iska.

Duk tsawon wannan mataki ba a ce ka bar zaƙi ba. Sharaɗi ɗaya ne: in za ka ci, ka ci bayan abinci, kada ka ɗora shi a kan cikin da babu komai. Da yawa sukan lura cewa a sati na uku marmarin ya ragu da kansa tun ba a taɓa shi ba.

Mataki na huɗu: zaƙin da ake sha ne zai fara tafiya

A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake ƙarawa a abinci kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kalorin da mutum ke ci a rana, in ya sauka ƙasa da kashi 5 ma ya fi. Ga mai cin kalori 2,000, na farkon giram 50 ne, wato ƙaramin cokali 12. Na biyun giram 25, cokali 6. Gwangwani ɗaya na lemo mai mililita 330 yana ɗauke da kimanin giram 35. Ka ga a ma'auni na biyun abu ɗaya ya cinye kason yini har ya ci bashi.

Zuma tana cikin wannan lissafin, haka ma ruwan 'ya'yan itace da aka matse, ko da a gida aka matse shi ba a sa komai ba. Wannan yana ba mutane mamaki. Lemon zaƙi guda in ka ɓare ka ci, ka samu sukari wajen giram 12 tare da zarensa, ka tauna, ka ƙoshi. Kofi ɗaya na ruwansa kuwa lemo biyu ko uku ne aka zubar da zarensu, ka shanye cikin minti ɗaya. Sukarin da ke cikin 'ya'yan itace ɗungurungum da wanda ke cikin madara tun asali ba sa cikin abin da hukumar ta ce a rage.

Yadda za ka yi: in kana shan lemo biyu a rana, koma ɗaya na sati guda, sannan rabi, sannan sau biyu a sati. Shayi da kofi, rage rabin cokali duk bayan kwana huɗu ko biyar. Harshe yana sabawa. Bayan wata ɗaya ko biyu shayin da ka saba sha a da zai yi maka zaƙi har ka kasa shanyewa. In lemonka yana da sinadarin kafeyin, mai hana barci, ciwon kan da za ka ji a kwanakin farko na rashin kafeyin ɗin ne, yakan wuce cikin sati guda, kuma shayi marar sukari yana rage shi.

Lemon da aka rubuta wa «babu sukari» fa? Zai iya zama gada na ɗan lokaci. Amma a 2023 hukumar ta ba da shawarar kada a dogara da sinadaran zaƙi marasa kalori domin rage ƙiba, ta ware masu ciwon suga daga wannan shawara. Ni abin da ya fi damuna da su shi ne suna barin harshe a matakin zaƙin da ake son a sauko da shi.

Mataki na biyar: koyon karanta bayan kwali

Gaban kwali talla ne, gaskiya tana baya. Ana jera kayan haɗi ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙanƙanta, saboda haka in sukari yana cikin ukun farko, ka san abin da ka riƙe. Yana zuwa da sunaye da yawa: yawancin kalmomin da suka ƙare da haruffan ose, duk wani sirof, zuma, da ruwan 'ya'yan itace da aka kafe. Wasu kamfanoni sukan raba shi gida uku da suna uku domin kada ɗaya ya hau saman jeri.

Sai ka duba layin sukari a kowane giram 100, domin shi ne ke ba ka damar gwada kaya biyu. Ma'aunin da ake amfani da shi a Birtaniya yana da sauƙin riƙewa: sama da giram 22.5 ya yi yawa, giram 5 zuwa ƙasa kaɗan ne. Raba giram da 4 ka samu adadin cokali. Ka gwada a kan hatsin karin kumallo na kwali, yogot mai ɗanɗano, miyar tumatir ta kwalba da burodi, abubuwan da ba wanda ke lissafa su cikin kayan zaƙi.

Mataki na shida: farin sitaci, tafiya da barci

Farin burodi da farar shinkafa suna ɗaga sukarin jini da sauri, wani lokaci fiye da sukarin shayi; wannan ne abin da David Jenkins da abokan aikinsa suka fara aunawa a Jami'ar Toronto a 1981. Ba sai an bar su ba. A rage yawa, a haɗa da wake ko ganye, a musanya wani ɓangare da hatsin da ba a cire wa ɓawo ba. Fara cin ganye da furotin kafin sitacin yana rage tsinin hawan. Tafiyar minti 10 zuwa 15 bayan cin abinci ma haka, domin tsokar da ke aiki tana jan gulukos daga jini ba tare da ta jira insulin mai yawa ba.

Barci kuwa, awa bakwai ko fiye. Daren da aka yi awa huɗu, washegari sinadarin da ke tayar da yunwa yana hawa, mai sanar da ƙoshi yana sauka, kuma abin da ido zai faɗa a kai zaƙi ne.

Mataki na bakwai: kada ka yi shi kai kaɗai

Babban gwajin rigakafin ciwon suga da aka yi a Amurka, wanda aka fitar da sakamakonsa a 2002, ya ɗauki mutum sama da 3,000 da ke bakin ƙofar ciwon. Waɗanda aka sa a tsarin gyaran abinci da motsa jiki na minti 150 a sati, da burin rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58. Waɗanda aka ba maganin ciwon suga mai suna metformin, kashi 31. Abin lura shi ne ba takarda aka miƙa wa rukunin farko aka sallame su ba. Kowa yana da mai bibiyarsa, an yi musu darasi 16 a watannin farko, daga baya ana haɗuwa ana waiwayar juna.

Ka fara daga gida. Gaya wa waɗanda kuke ci tare abin da kake so a sarari, domin «ku taimake ni» ba ta da hannu da ƙafa. Ka ce: kada a ajiye lemo a inda zan riƙa ganinsa, kada a tambaye ni ko zan sha, in an ga na ci kada a yi mini gori. Na ƙarshen ya fi sauran muhimmanci. Mai gadin da ke ƙirga maka loma yana koya maka ci a ɓoye ne kawai. Kai ma kada ka zama mai wa'azi a kan farantin wasu; ba abin da ke saurin korar masu goyon baya kamar wannan.

Sai ka nemi mutum ɗaya mai irin matsalarka. Ku sa lokaci, ko da minti biyar ne a waya kullum da yamma, kowa ya faɗi abin da ya ci da inda ya sha wuya. In kun kai huɗu ko biyar, ku riƙa zama sau ɗaya a sati da ƙa'idoji kaɗan: kowa ya yi magana a kan kansa, abin da aka faɗa ya tsaya a wurin, ba a ba da shawara sai an nema, ba a tallar kaya. Asibitoci da yawa suna da ajin masu ciwon suga da masanin abinci, ka tambaya. Akwai kuma ƙungiyar Overeaters Anonymous, wadda aka kafa a Los Angeles a 1960 a kan tsarin ƙungiyar masu barin giya, tana zama a ƙasashe da yawa har da ta intanet, ba a biyan kuɗin shiga.

A intanet ɗin ne ake buƙatar ido. Duk rukunin da ya ce ka ajiye maganin likita, ko yake sayar da garin da zai «wanke sukari daga jini», ko ya haramta 'ya'yan itace da wake gaba ɗaya, ko yake kunyata wanda ya zame, fita ka bar musu.

Taron biki da ziyara suna da dabararsu: ci abincinka kafin ka fita, riƙe ruwa a hannu, ka shirya jimla ɗaya gajera. «Na gode, ba ya yi mini daɗi a jiki» ta wadatar, ba wanda ke bin ka bashin bayani.

Mataki na takwas: ranar da aka zame

Za ta zo. Abin da ke ɓata aiki shi ne abin da ke biyo baya: mutum ya ce tunda ya ɓaci bari ya ƙarasa, ko ya hukunta kansa da tsallake abinci na gaba, wanda ke mayar da shi kan yunwar da ta jawo zamewar. Ka ci abinci na gaba a lokacinsa, da furotinsa, ka rubuta abin da ya faru kafin zamewar, ka gaya wa abokin tafiyarka a ranar. In marmari ya taso, tambayi kanka yaushe rabonka da abinci. In ya wuce awa huɗu, abinci za ka ci. In ba yunwa ba ce, sha ruwa, tashi daga wurin, ka ba shi minti 15, sau da yawa yakan lafa.

Game da tsawon lokaci, wani bincike da aka yi a Landan ya gano cewa sabon hali yakan ɗauki kimanin kwana 66 kafin ya zauna, wasu 18 ya ishe su, wasu sai da suka haura 250, kuma tsallake rana ɗaya bai rushe ginin ba. Wasu a ƙarshe sukan iya cin ɗan zaƙi bayan abinci sau ɗaya a sati su tsaya a nan. Wasu kuma sukan gane cewa akwai abu ɗaya ko biyu da in suka fara ba sa iya tsayawa, sai su bar waɗannan kwata-kwata. Littafinka ne zai nuna maka ɓangaren da kake.

Bayan wata uku ka koma a sake gwajin jini, ka tafi da littafin. In har yanzu rawar jiki da jiri suna zuwa duk da abinci na kan lokaci, ko suna zuwa da asuba kafin ka ci komai, ko ka taɓa suma, ko kana yawan ƙishirwa da fitsari da ramewa ba dalili, kada ka jira wata ukun, ka je a duba ka a satin.